Maɓallin Hagu na Malam Kashe-Kunna

Bakwai saura kwata yake isowa. Mai gadinmu ya daɗe da daina duba agogo. Da ya jiyo tarin tsohon babur ɗin nan daga kwanar titi, sai ya miƙe ya zare sakata. Malam zai jingine babur ɗin ƙarƙashin tagar sito, ya rataya hular kwano a jikin madubi, ya saɓa baƙar jakarsa wadda zif ɗinta ya mutu aka ɗaure bakinta da guntun waya, ya wuce kai tsaye ɗan ɗakin da ke ƙarshen baranda. A can duk wayoyin ofis suke haɗuwa. Zai tsaya ya ƙirga ƙananan fitilun da ke ƙiftawa, ya ɗora bayan hannunsa a kan kowace na'ura kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗanta, sannan ya fito ya shiga ɗakin oda. Tebur goma sha biyu ne a ɗakin. Ɗaya bayan ɗaya zai kunna kwamfutocin, kuma ba ya barin tebur sai ya ga baƙin allo ya fito da koren rubutunsa yana neman suna da lambar sirri. Sai ya gama wannan zagayen yake zama ya buɗe filas ɗin shayinsa. Shekara ashirin da shida ke nan haka, har makon jiya da ya ajiye aiki.

Sunan nan kuwa mu 'yan ɗakin oda muka laƙaba masa, kuma ba mu zalunce shi ba. Ko wuta ce ta kama kwamfutarka ka kira shi, abin da za ka fara ji shi ne, "Ka kashe ka kunna?" Da farko a bayan idonsa muke faɗa, daga baya ya ji ya yi dariya, har ta kai in ya ɗauki waya da kansa yake cewa, "Kashe-Kunna ne, me ya faru kuma?" An ce matarsa ma in ya ɓata mata rai da sunan take kiransa.

Wanda bai san aikinmu ba, ga shi a taƙaice. Magunguna muke rarrabawa ƙananan asibitoci da shagunan magani. Duk abin da ke cikin sito, da wanda ya nema, da inda za a kai, yana cikin wata babbar kwamfuta da ke hedikwata, wadda a cikinmu babu wanda ya taɓa sa ta a ido. Tsohuwa muke ce mata. Tsohuwa ba ta san hotuna ba, ba ta san linzamin kwamfuta ba, rubutu kawai take ji, kuma da irin allunan zamaninta kaɗai take yarda ta yi magana. Saboda haka kowace kwamfuta a ɗakinmu tana da wata manhaja da ke shigar da ita rigar tsohon allo, don Tsohuwa ta ɗauka 'yar zamaninta ce ta saurare ta. Wannan manhajar ita ce baƙin allon da na faɗa. In ta tsaya, oda ba ta tafiya, sito ba ya fitar da kwali, direba ba ya tashi. Ita Malam ya yi rabin rayuwarsa yana lallaɓawa.

Abubuwan da aka gani da ido game da shi suna da yawa. Mai gadi har gobe yana ba da labarin ranar da ruwan sama ya fasa rufin baranda, Malam ya tuɓe rigarsa ta sama ya lulluɓe na'ura da ita, shi ya tsaya ruwa na dukansa har aka kawo leda. Mai kula da sito kuwa, dattijon da a da in ya ga kwamfuta sai gumi ya karyo masa, Malam ne ya sato jan farcen tasa matar ya ɗiga masa a kan maɓallai huɗun da yake buƙata, ya ce, "Baba, waɗannan jajayen kaɗai ne naka, sauran ka ɗauka ba ka gan su ba." Amma ba don waɗannan na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne saboda makon da aikin Yaya ya kusa salwanta, shekara biyu da suka wuce, da abin da Malam ya biya don kada ya salwanta.

Abin ya faro ne da wata takarda daga hedikwata. Masu manhajar baƙin allo sun daina kula da ita, sababbin kwamfutocin da aka saya mana kuma sun ƙi karɓarta. Dole a zaɓi wata, a kuma sauya wa kowa. Lokacin ba a daɗe da kawo mana sabon manaja ba, mutum mai zafin nama, mai son ya ga abu yana sheƙi. Ba mugu ba ne, in na ce mugu ne na yi masa ƙarya, sai dai gaggawa ta yi masa yawa. Kamfanoni uku suka kawo nasu, kuma tun ranar farko idonsa ya faɗa kan ta biyu, mai launuka da 'yan akwatunan da ake latsawa da linzami.

"Malam, ai an gama," in ji shi. "Dubi wannan. Ko baƙo ya shigo ya san muna cikin zamani."

"Yallaɓai, baƙo ba ya shigar da oda," in ji Malam. "A ba ni mako uku."

Ya samo wata 'yar kujera marar jingina da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya dinga bin tebur-tebur yana zama gefen kowa rabin yini. Ba ya magana, ba ya kallon allo, hannunka kawai yake kallo. Kai, abin da takura! Ni da ya zauna kusa da ni sai da na ce, "Malam, ko zoben nan kake so in cire maka?" Ya ce in ci gaba da aikina, yatsuna yake tambaya ba bakina ba. Abin da ya gano, kuma ya rubuta, shi ne cewa babu ɗayanmu da zai iya faɗa maka maɓallin da yake latsawa. Ka tambaye mu ina maɓallin neman sunan asibiti, sai mu yi zuru. Ka ba mu takardar oda, yatsu su tafi da kansu. Shekaru sun sa aikin ya sauka daga kai ya koma hannu. Duk manhajar da za ta sa mu ɗaga hannu mu kama linzami, in ji shi, ta mayar da ma'aikaci mai shekara ashirin ɗan koyo.

Sai ya shiga gwada su. Ta farko ta faɗi ne a wurin firinta: takardar da ake mannawa a jikin kwali tana fitowa layin ƙarshe a yanke, layin ƙarshen nan kuwa shi ne ranar da magani zai lalace. Ta biyu, 'yar gaban goshin manaja, ranar da wakilin kamfaninta ya zo da kwat da turare yana nuna mana bajintarta, Malam ya bari sai da ya kai tsakiyar wata doguwar oda, ya sunkuya kamar zai ɗaure takalmi, ya zare wayar sadarwa daga bango, ya ƙirga biyar, ya mayar. Allo ya dawo wayam, duk abin da aka rubuta ya tafi.

"Haba Malam, ai wannan zalunci ne!" in ji wakilin.

"Ba ni ba ne, ɗan'uwa. Layinmu ne yake yin haka da kansa, sau shida a rana. Na dai taya shi ne yau."

Har manaja sai da ya yi dariya. Ta ukun ba ta da kyan gani, baƙin allo ne dai da koren rubutu kamar ta da, amma an zare mata waya ta jira, aka mayar ta ci gaba daga inda ta tsaya, kuma tana barin a ɗora kowane aiki a kan kowane maɓalli. Ita aka ɗauka. Malam ya bi littafinsa ya jera wa kowa maɓallansa yadda yatsunsa suka saba, ya yi sauyin tebur biyu-biyu a rana don kada aiki ya tsaya. Da yawanmu sai da aka faɗa mana muka san an sauya.

Sai dai tebur goma sha ɗaya ya zauna, ba goma sha biyu ba. Na sha biyun na Yaya ne, ita kuwa duk makonnin nan tana hutu, 'yarta ta haihu a wani gari ta tafi kula da ita. Malam ya dubi teburin babu kowa, ya yi masa kuɗin goro, ya sa masa tsarin da ya fi yawa a ɗakin.

Yaya ita ce babbarmu, shi ya sa kowa ke kiranta haka, har waɗanda ta haifa a shekaru. Mijinta ya rasu ya bar mata biyu, ƙaninta ya rasu ya bar mata uku, duk a kan albashin teburin nan suke. Mace ce marar yawan magana, kullum gefen mayafinta a yafe kan hannuwanta ko tana bugun kibod, mu kuwa mun ɗauka sanyin na'urar sanyaya ɗaki ne ke damunta. Ba ta kallon allo ko kaɗan. Idonta na kan takarda, hannunta na tafiya, kuma babu mai kamo ta a sauri. Ran Litinin ta dawo, ta raba mana alewar barka, ta zauna ta kama aiki kamar kullum.

Ran Laraba da safe waya ta fara ƙara. Wani asibiti ya ce allurar masu ciwon suga ba ta iso ba, saura ta kwana ɗaya a firjinsu. Kafin a ajiye, wani ya kira a kan maganin zazzaɓin yara. Aka duba wurin Tsohuwa, aka tarar tun Litinin babu oda ko ɗaya da ta shiga da sunan Yaya. Ga takardu nan jibge a tirenta, kowace da hatiminta na cewa an shigar, amma can ciki fayau. Muka watsar da komai muka raba takardun, muka shigar, direbobi suka fita da rana tsaka. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, amma an sha zagi a waya.

Manaja ya kira ta ofis, ƙofar kuwa ba ta rufu sosai ba, duk muna ji.

"Yaya, kin girme ni, ba na so in ɗaga miki murya. Amma magani ne wannan, ba tufafi ba. Mutum goma sha ɗaya sun karɓi sabon tsari lafiya, ke kaɗai. In abin ya fi ƙarfinki, ba abin kunya ba ne."

"Yallaɓai, wallahi na shigar. Kowace ɗaya na shigar."

"To ina suke?"

Ya ce ranar Juma'a zai rubuta wa hedikwata a sallame ta ta je ta huta. Ta fito ba ta kalli kowa ba, ta zauna a teburinta ta haɗa hannuwanta ƙarƙashin mayafi.

Malam ya bari sai da ɗakin ya watse don cin abincin rana, sannan ya jawo 'yar kujerarsa.

"Yaya, shigar min da oda ɗaya in gani."

"Bar shi kawai, Malam. Tsufa ne, an faɗa."

"Ɗaya tak. Don Allah."

Ta ja takarda ta fara. Shi dai idonsa na kan hannunta. Sunan asibiti, lambar magani, adadi, komai daidai, babu kuskuren harafi ɗaya. Da ta zo ƙarshe, wurin da kowa ke miƙa ƙaramin yatsan dama ya latsa maɓallin aikawa da ke can ƙasa ta dama, sai ya ga hannun damanta bai motsa ba. Ƙaramin yatsan hagu ne ya sauka a kan maɓallin ƙarshe ta hagu. Allo ya goge, fam ya dawo fari fat yana jiran sabuwar oda. Ta kai hannu za ta ɗauki hatimi.

Nan take ya tuna. Shekara goma sha ɗaya kafin wannan rana, bayan wani haɗarin mota da ta yi, Yaya ta riga kowa zuwa wata safiya ta same shi yana zagayensa. Ta janye mayafi ta nuna masa hannun damanta: yatsu biyu na ƙarshe sun sandare, ba sa lanƙwasuwa, likita ya ce sun tafi ke nan. Da ƙaramin cikinsu ake aika oda, sau ɗaruruwa a rana. Ta ce in aka sani za a ce ba za ta iya ba, ga yara biyar. Shi kuwa cikin minti biyu ya ɗauke aikin aikawa daga dama ya mayar mata hagu, a kwamfutarta ita kaɗai. Ta ce, "Don girman Allah kar ka faɗa wa kowa, kar kuma ka rubuta." Mutumin da ko fis ya canja sai ya rubuta, wannan ɗaya bai rubuta ba. Shekaru suka bi ta kai, abin ya yi aiki lafiya har shi da ya yi ya manta.

A sabuwar manhaja kuwa, maɓallin nan na hagu aikinsa share allo ne. Kuma allon da aka share da allon da aka aika odarsa kamarsu ɗaya, in ban da wani siririn layi a can ƙasa, wanda mai kallon takarda ba za ta taɓa gani ba. Kwana biyu da rabi Yaya tana rubuta oda daidai tana gogewa da hannunta.

"Yaya," in ji shi, "ba tsufa ba ne. Ni ne. Maɓallinki na manta."

Ta dube shi, ta dubi hannunta, ta gane. Maimakon ta yi murna sai idonta ya ciko. "To ai an gudu ba a tsira ba, Malam. In ka faɗa masa, zai tambayi dalili. Mutumin da zai sallame ni don shekaru, ina ga ya ji da yatsu takwas nake aiki?"

"Ba zai ji ba."

"Ta yaya?"

"Ke dai ci abincinki."

Ya gyara maɓallin a take, ya sa ta sake gwadawa, oda ta shiga. Amma gyaran maɓalli ba shi zai hana takardar Juma'a tafiya ba, kuma ya san haka. Ga wani abu kuma: a daidai lokacin sunansa yana gaban hedikwata, za a ba shi shugabancin sashen kwamfuta na yankin gaba ɗaya, matsayin da ya yi shekara bakwai yana jira, kuma na ƙarshe da zai iya samu kafin ritaya.

Da yamma ya koma gida ya tarar da matarsa a tsakar gida tana ninke wanki. Ya zauna a bakin baranda bai ko cire takalmi ba. Ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Wa ya mutu? Ko Tsohuwa ce?" Ya ba ta labarin, ya tsallake hannun.

"To ka faɗa musu dalilin da ya sa ka canja mata mana. Ai ba haka kawai ka yi ba, na san ka."

"Akwai dalili. Ba nawa ba ne da zan faɗa."

"Ko ni?"

"Ko ke."

Ta yarfa zanen da ke hannunta. "Shekara talatin ina wanke maka riga mai warin waya, yau ni ake ɓoye wa magana! Kashe-Kunna, kujerar shugabancin nan fa da bakinka ka ce in ta wuce ba ta dawowa." Ya ce ya sani. Ta ci gaba da ninkinta tana ƙunƙuni, can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Yara nawa ka ce tana riƙo?" Ya ce biyar. Da safe ya tarar ta goge masa farar rigarsa ta zuwa taro.

Ran Alhamis ya shiga ofishin manaja ya roƙe shi ya taso. A gabanmu duka ya zaunar da shi a wani tebur, ya sa shi ya rubuta oda ya latsa dama, ya sake rubutawa ya latsa hagu, ya nuna masa yadda allon ke komawa iri ɗaya.

"A tsohon tsari, teburin Yaya da hagu yake aikawa. Ni na mayar da shi haka tuntuni. Da na zo sauyi ban zauna da ita ba, ban tambaye ta ba, na sa mata na kowa. Ita ta yi aikinta daidai. Kuskuren nawa ne daga farko har ƙarshe."

"Me ya sa ka mayar da shi hagu?"

"Na ga aikin zai fi tafiya haka a teburin, kuma ya tafi."

"Yana cikin littafinka?"

"Ba ya ciki, Yallaɓai."

"Kai da ka hana ni sakat da littafin nan mako uku? Ka san abin da wannan zai jawo maka?"

"Na sani."

Takarda ta tafi hedikwata ranar Juma'a kamar yadda aka ce, sai dai ba sunan Yaya ke kai ba. Gargaɗi ne aka sa a fayil ɗin Malam, na farko a duk shekarunsa, kujerar kuma aka ba wani. Mu kuwa, Allah ya yafe mana, har tsokanarsa muka dinga yi. Ni da bakina na ce, "Malam, kai ma lokaci ya yi da za a kashe ka a kunna." Ya yi dariya tare da mu. Duk sanda na tuna wannan maganar sai in ji kunya ta rufe ni.

Bai tsaya nan ba. Ya sa manhajar ta riƙa yin ɗan ƙara siriri in oda ta shiga, da wani mai kauri in an share allo, don ko makaho ne ya san inda ya kwana. Sannan ya zagaya yana cewa duk mai son a matsar masa da wani maɓalli ya yi magana, har ya dinga zuga mu cewa aikawa da hagu ta fi sauƙi. Mutum uku suka yarda suka koma. A lokacin mun ɗauka sabon salo ne kawai irin nasa, ashe so yake teburin Yaya ya daina zama daban. A littafinsa ya rubuta lambobin tebur huɗu, a gabansu ya sa "aikawa a hagu", bai ƙara ko kalma ba.

Makon jiya aka yi masa walimar sallama a ɗakin oda. Aka ture tebura gefe, aka kawo lemo da biskit, matarsa ta zo ta zauna a gaba da jakarta a cinya. Manaja ya yi jawabi mai kyau, ya yabe shi sosai, har cikin raha ya ce, "A shekara ashirin da shida, sau ɗaya tak na san ya yi kuskure." Aka yi dariya. Sai muka ga Yaya ta miƙe, ita da ko a taron ma'aikata ba ta taɓa buɗe baki ba.

"Yallaɓai, a gyara wannan maganar."

Ta janye mayafinta ta ɗaga hannun damanta sama, a gaban mutum sama da arba'in. Yatsu biyun nan a sandare, sun bushe sun ɗan karkace. Shekara goma sha uku muna zaune da ita, wasunmu a kwano ɗaya muke cin abinci da ita, babu wanda ya taɓa lura. Ta ba da labarin tun daga safiyar da ta same shi har zuwa ranar Alhamis ɗin. Ta ce autan ƙaninta bana ya gama makaranta, kuma ba za ta bari bawan Allahn nan ya fita ƙofar nan da tabon da nata ne ba, ko da gobe za a sallame ta.

Manaja ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen rigarsa. Can ya ce, "Babu mai sallamar ki, Yaya." Ya juya wurin Malam. "Amma kai, me ya hana ka faɗa min? Da ko a keɓe ne."

"Hannun nata ne, Yallaɓai," in ji Malam. "Ita ke da ikon nuna shi."

Matarsa ta ɗaga jaka ta ɗan maka masa a kafaɗa, hawaye na zuba, tana cewa, "Sai yau na ji, mugu, sai yau!" An ce manaja ya rubuta a cire gargaɗin daga fayil, kuma an cire. Kujerar dai ta riga ta wuce.

Malam, yanzu da kai nake. Kai ne ka zauna a kujera marar jingina kana karanta yatsunmu, lokacin da kowa ke kallon launin allo. Kai ne ka san cewa sauya manhaja ba sauya na'ura ba ne kaɗai, taɓa abincin mutane ne. Kai ne aka ba amana a wata safiya babu shaida, ka riƙe ta har ta ci maka abin da ka yi shekara bakwai kana jira, ba ka ko ɓata fuska ba. Mai duba hannu, mai rufa asiri. Asibitocin da maganinsu ke isa kan lokaci ba su san sunanka ba, yaran Yaya biyar ma sai makon jiya suka san akwai ka. Mu da muka sani muka yi maka dariya, ka yafe mana. Mun gode, Malam, mun gode ƙwarai. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa wata, ya kuma ba babur ɗin nan haƙurin kai ka duk inda za ka.

Ku kuma da ake damƙa wa irin wannan aiki, ko a banki kuke, ko a sito, ko a tashar mota, duk ranar da aka ce ku zaɓo wa mutane sabon abin aiki, kada ku tsaya a kan abin da mai sayarwa ya nuna muku. Ku nemi kujera ku zauna gefen masu aikin, ku kalli hannunsu, kowa da kowa, har wanda ke hutu ku jira shi ya dawo. Wannan na ƙarshen Malam da kansa ya ce in ƙara, ya ce shi ya koya da tsada.

Ran Litinin ɗin nan, bakwai saura kwata, mai gadi ya miƙe ya zare sakata, ya tsaya yana kallon kwanar titi, sai daga baya ya tuna. Matar da ta gaji aikin Malam ta tarar da littafin a kan tebur, da 'yar kujerar a jingine a gefe. A ɗakin oda kuwa Yaya ta zauna a tebur na sha biyu, ta naɗe mayafinta ta ajiye a bayan kujera, ta ɗora hannuwanta biyu a fili kan kibod. Ta shigar da odar farko, ta latsa maɓallin hagu, ɗan siririn ƙaran nan ya fito, duk ɗakin muka ji shi.